Firjin da Batulu Ta Ajiye

"Kada ku kwantar da shi! A tsaye anka ce ya zauna, a tsaye za ku hiddo shi."

Batulu ce ke ba da umarni daga kan tabarma, a ƙarƙashin rumfa, an tokare mata baya da filo biyu. Muryar ta yi siriri, amma faɗan yana nan. Abdulrashid mai gyaran wuta ya kama saman kwalin, ni na kama gindi, muka fito da shi daga ƙuryar ɗakinta da ja da baya. Ƙasan kwalin ya yi laushi a hannuna kamar tsohon zane.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, shekara ashirin da shida. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi karatu, tun daga nan duk takardar da ta shigo unguwarmu ni ake kawo wa. Batulu kuwa ta laƙaba mini Malama don tsokana. A ranar ma da asuba ta buga katanga da muciya, ta ce in zo in karanta mata takardun kaya.

Sati biyu ke nan da aka dawo da ita daga asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce a kai ta gida ta huta, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Auren 'yarta Surayya saura wata guda. Surayya ita kaɗai ta rage mata, tana koyarwa a wata firamare a Kaoje, takan tafi Litinin ta dawo Alhamis. Ranar Talata Batulu ta zaɓa don gwada kayan ɗakin amarya, lokacin da yarinyar ba ta nan.

"So nike in ga kayan ga sun tashi da idona," in ji ta. "In sha ruwan firjin ga ko kurɓi guda. Sannan in ce ma yarinya ga ɗakinki."

Na san tarihin kowane kwali, don ni take ba labari idan muna tsince shinkafa. Shekara bakwai da suka wuce ta je wani jere a Illo, aka shiga ɗakin amarya aka tarar da kwanuka jere har rufi, babu ko fanka. Wata daga dangin ango ta leƙa ta ce, "Ashe ɗakin kakarmu anka kawo mu." Mata suka kwashe da dariya, uwar amarya ta fita ta bayan gida. Batulu ta dawo ba ta ci abinci ba. A satin ta fito da tasoshin jan ƙarfe goma sha huɗu da ta gada, waɗanda aka yi wa kakarta jere da su, aka yi wa uwarta, aka yi mata, ta sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli. Ta haɗa da abin da take samu a gumin shinkafa, ta bi ta Lolo ta tsallaka iyaka zuwa kasuwar Malanville, ta dawo da firji a bayan a-kori-kura. Bayan shekara ta ƙaro fanka mai caji, sannan injin markaɗe, sannan dutsen guga. Ba ta taɓa yanke igiyar ko ɗaya ba. Ta jera su a ƙurya ta lulluɓe da zane, kamar yadda uwarta ta adana mata tasoshi tun tana rarrafe.

Abdulrashid ya tayar da janaretan da ya turo daga shagonsa a baro, don rabonmu da wuta ya kai wata biyu. Ya ce a fara da ƙananan, firji ya ɗan huta daga jijjiga.

Fankar fara ce tas, har da ledarta. Ya danna, shiru. Ya jona ta da wuta, shiru. Ya kwance bayanta, sai ga batirin ya kumbura ya tsage, wani farin gari ya cinye wayoyin.

"Inna, wagga ai ta mutu ba ta taɓa hura kowa ba," ya ce yana dariya. Sai ya dubi wadda yake faɗa wa, ya haɗiye dariyar.

"Fanka ƙaramin abu ce," in ji Batulu. "Ɗauko na gaba."

Injin markaɗe ya yi kuka mai ƙarfi, har ta ɗaga kai tana murmushi. Amma wuƙarsa ba ta juya ba. Robar da ke haɗa su ta bushe, ta dagargaje a tafin Abdulrashid kamar ƙuli-ƙuli. Dutsen guga kam ya yi zafi. Ya tofa masa yawu ya yi cuu, Batulu ta ce, "Ka gani? Na ce muku kayan kirki na saye."

Da hantsi ya jona firjin. Fitila ta kama a ciki, injin ya soma gurnani a hankali. Batulu ta rufe ido tana saurare, leɓɓanta suna motsi. Ta sa na ɗebo ruwa a moɗarta na saka a ciki, na rufe.

"Har yaushe?" ta tambaya.

"Zuwa azahar ya yi sanyi, in sha Allahu," in ji Abdulrashid.

Muka zauna. Zafin bazara ya sauko rumfar, na ɗauki mafici ina yi mata fifita. Ta yi ta magana, ni ina ji, yadda muka saba. Ta ce gadon da katifa kawun Surayya ya ɗauka, labule kuma ta ba wa tela. Ta ce dangin angon 'yan boko ne, uwarsa ma'aikaciyar jinya ce, ba ta so su ga 'yar marainiya ta shigo musu da ɗaki fayau. Ta ce firji shi ne uban ɗaki, idan yana nan ba a duba sauran. A tsakiyar magana barci ya ɗauke ta.

Bayan azahar Abdulrashid ya dawo daga masallaci. Ya buɗe firjin ya sa hannu, ya shafa bayansa, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Ya daɗe a durƙushe. Sai ya yafito ni zuwa zaure.

"Inna Zuwaira, babu gas ciki ko kaɗan. Injin dai ka juyawa a banza."

"Ba a ƙara mishi?"

"Ana ƙarawa. Amma ruwa ya taɓa shiga ɗakin nan?"

Na ce shekarar ambaliya ruwa ya kai idon sawu, kwana uku. Batulu ta ɗora kwalin kan bulo daga baya.

"To tun lokacin tsatsa ke cin bututun. Kuma ba a waje take ba, cikin jikinshi take, inda sunka zuba soso sunka liƙe. In na zuba gas yau, kwana biyar ya tsere. Na dā, irin na gidan hakimi, bututunshi na waje, in gani in liƙe, har yau shina aiki. Wanga ba a yi shi don a buɗe ba." Ya share gumi da hularsa. "Ke za ki hwaɗa mata. Ni ba ni iyawa."

Na koma. Tana barci, bakinta a ɗan buɗe. Na fito da moɗar, ruwan ɗumi kamar an ajiye shi a rana. Ban yi dogon tunani ba. Na zagaya gidana, na zubar, na ɗebo daga randata da ke inuwar ɗaki, wadda ko a bazara ruwanta yakan kama haƙori. Na dawo na saka a firjin na rufe, sannan na tashe ta. Na buɗe a gabanta don ta gani.

Na tallafo kanta. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe ruwan a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa. Sannan ta ture moɗar da bayan hannu.

"Malama."

"Na'am."

"Kajiji. Unguwar ga kaf ke ɗai ka turara randa da kajiji. Shekara ashirin da shida ina shan ruwanki, yau za ki ɓad da ni?"

Na ajiye moɗar a gefen tabarma. Janareta yana ta ƙara a bayanmu.

"Ce mishi ya kashe, kada ya ƙone mai a banza. Ki ɗauko min gwangwanin da ke ƙarƙashin katifa."

A cikin gwangwanin akwai takarda naɗe a leda uku. Ta ce mai shagon ya rantse mata, muddin tana riƙe da wannan, in ya lalace za a musanya. Na buɗe na sa yatsa a layin farko yadda aka koya mana. Haruffan duk na san su, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana, Faransanci ne. Lamba ɗaya kawai na gane, sha biyu. Na kira Abdulrashid, shi da ya yi koyon aiki a can tsallake. Ya karɓa ya duba, bai ɗaga kai ba.

"Wata goma sha biyu, Inna."

"To ai ba a taɓa kunna shi ba. Yau ne na hwarko."

"Daga ranar saye suka lissahi."

"Ko shina cikin kwali?"

"Ko shina cikin kwali."

Ta juya fuskarta ga katanga. Abdulrashid ya naɗe wayarsa ya fita da baronsa, ko sallama bai iya yi ba. Na ci gaba da fifita. Kaji suka shigo suna tsattsagar soson da ya zubo daga kwali, ban kore su ba.

Can ta ce, ba ta juyo ba, "Tasoshin nan, kina ganin suna nan wani wuri?"

Na ga ranar da aka ɗauke su. A bakin kasuwa aka bubbuge su da guduma suka zama faifai, aka cusa a buhu. Na ce, "Ban sani ba."

"Babbar, in kin ƙwanƙwasa ta, sai kin kai zaure tana amsawa. Ko lotsawa ba ta yi ba." Numfashinta yana fita da ƙyar. "Na ɗauka duk abin da ka ɓoye ba ka taɓa ba, shina jiranka."

Da la'asar ta sa na tayar da ita zaune. Idonta a bushe.

"Ki maida su kwali. Ki ɗaure yadda suke. Ranar jere ki tsaya da kanki a ajiye firjin inda mai shigowa za ya hwara gani."

"Batulu, Surayya za ta gano."

"Ta gano. Wuta ma yaushe aka kawowa? Ta gano ita ɗai cikin ɗakinta, bayan mata sun watse. Ba a gaban dangin miji ba." Ta kama hannuna, yatsunta kamar ƙirare. "In ta tambaye ki, ki ce na sha. Ai na sha, ko ban sha ba?"

"Kin sha."

"To."

Ni kaɗai na mayar da ƙananan. Firjin sai da na roƙi Abdulrashid ya dawo, muka ɗaure shi da igiyarsa, na roƙe shi ya riƙe bakinsa. Ya ce ko ban roƙa ba.

Surayya ta dawo Alhamis. Batulu ba ta ƙara tayar da maganar kaya ba, abinci ma ta daina karɓa. Ranar Asabar da hantsi ina tankaɗe na ji Surayya ta kira ni ta kan katanga, kira ɗaya. Na tarar kan uwar a cinyarta. Na durƙusa ina maimaita mata kalmar shahada a kunne, leɓɓanta suka bi ni sau biyu, a na uku suka tsaya. Kafin azahar an kai ta.

An ɗaga bikin zuwa bayan arba'in. Ranar jere na bi motar kaya zuwa gidan angon, can bayan tasha. Na sa aka tsayar da firjin daidai ƙofa, aka zare kwalin, ledarsa tana ƙyalli. Mata suka yi ta shigowa. Uwar angon ta shafa murfin ta ce, "Allah ya jiƙan Batulu, ta yi wa ɗiyarta." Wata ta rangaɗa guɗa. Ba wanda ya ce komai a kan fankar da ke kan firjin cikin kwali, kuma ranar babu wuta.

Kwana uku da tarewa na kai wa Surayya ragowar kayan uwarta a ƙullin zane. Na same ta ita kaɗai, lalle bai gama fita daga ƙafarta ba. Ta shimfiɗa mini darduma, ta tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi firjin.

"Inna Zuwaira, an ce kun kunna shi ina Kaoje. Ta samu ta sha ruwan?"

"Ta sha."

"Ya yi sanyi?"

"Ruwan da ta sha da sanyi."

Ta yi murmushi, hawaye suna zuba, ta share da gefen mayafi. Ta ce an ce gobe ko jibi za a kawo wuta. Ta tashi ta jawo bokiti da robobin da ta wanke ta kife a bakin ƙofa. Ta durƙusa tana cika su ɗaya-ɗaya, tana ɗaure murfin, tana jerawa a ciki, manya a ƙasa, ƙanana a jikin ƙofa. Da ta gama ta rufe a hankali, ta duba ko wayar ta shiga soket sosai, ta dawo ta zauna kusa da ni.