Sunan Baba a Kan Wasan Saniya

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, shi kuwa mutumin da ne, alkunyarsa har ta yi yawa. In yana nemana sai ya ce "yaron nan", ko bayan da gemu ya fito mini. A Zangon Sokode kowa ya san Malam Siddiƙ. Da safe yana karantarwa, da rana ya zauna a zaure yana rubuta Alƙur'ani da hannu, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa. Ni kuma Allah ya jarabce ni da haɗa wasannin waya.

Akwai wata manhaja a intanet da wasu mutanen ƙasar waje suka gina. Ba ka sauke komai, shafinta kawai za ka buɗe ka yi zane, ka tsara dokokin wasa, komai ya zauna can a wurinsu. Kusan kowane wata sai sun ƙara mata wani abu, kuma suna da wurin da masu aiki da ita ke rubuta ƙorafi. Ni ne sarkin ƙorafin wurin, kuma Belel ne sanadi. Belel ɗan wani dillalin shanu ne a Dapaong, tare muka yi makaranta. Ya kwafe wasana na farko, ya canza wa ɗan wasan launin riga, ya manna sunansa ba kunya ba tsoron Allah. Don haushi na rubuta wa masu manhajar sau goma sha bakwai. Na ce su liƙa sunan mai asalin wasa a jikin kowane kwafi, yadda ba wanda zai iya goge shi, har shi mai sunan, don kada a saye shi ko a tsorata shi. Suka ce suna dubawa. Na ja tsaki na manta da su.

Wasana na biyu shi ne wanda ya karɓu. Saniya ce ta tsinke daga kara, wato kasuwar shanu, mahauta na bin ta, kai kuma kana kora ta cikin lungunan Zango. Ban ƙirƙiri lungu ko ɗaya ba. Da ƙafa na bi su na zana, har da gidajen da in ka shiga ta zaure za ka ɓulla ta bayan rijiya zuwa wata unguwa. Da na zo wurin rubuta sunan mai wasa sai hannuna ya tsaya. A gidanmu ɗa ba ya cewa "nawa" uba na raye. Ragon da ka saya ragon Baba ne, shi kansa in ya sauke rubutun Alƙur'ani sunan malaminsa yake fara sawa a ƙarshe kafin nasa. Sai na rubuta: Malam Siddiƙ, Zango, Sokode. Da na nuna masa ya leƙa ta saman tabarau, ya ce saniyar ta fi mai ita kuzari. Na san ya ji daɗi.

A daminar 2017 gari ya rikice da zanga-zanga. In aka watsa taro, samari sai su faɗa lungu su ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su. Ko wasana ya koya musu hanya, ko kuwa tun suna rarrafe suka san ta, oho. Abin da na sani shi ne wasan yana cikin wayar kusan duk wanda aka kama.

Ranar da aka wayi gari an yanke intanet, ina can kasuwa ina ɗaga waya sama kamar wawa. Da hantsi ƙanwata Hafsa ta same ni, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta ce wasu mutane sun zo a mota marar lamba, sun tarar da Baba a zaure tawada ba ta bushe ba. Sun nuna masa sunansa a waya, ya ce nasa ne. Suka miƙa masa wayar ya kunna wasan, ya riƙe ta a kife. Suka yi dariya, suka ce zai zauna a hannunsu har ya faɗi wanda ya zana wa masu tarzoma taswira. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji mutane. To ni na ja, Baba ya doka.

Na ce wa Hafsa dabara ɗaya ce, in goge wasan gaba ɗaya, in babu shaida dole su sake shi. Amma wasan ba ya cikin kwamfutata, yana intanet, intanet kuma sai bakin iyaka. Ta dube ni ta ce akwai dabarar da ta fi wannan kusa, in je in ce ni ne. Na yi kamar ban ji ba. Gaskiya tsoro nake ji, ƙafafuna arewa suke so, dabarar daga baya ta biyo su.

Motar shanu da ta sauke kaya na hau, yini guda ina shaƙar kashi har Dapaong. Wanda na fi tsana duk duniya shi na je na durƙusa wa. Belel bai wulaƙanta ni a ranar ba, ya ba ni tuwo da tabarma. Washegari ya goya ni a babur muka nufi wajen Sinkase, inda layin wayar Burkina ke tsallakowa. Mutane sun cika gindin wata kuka kowa da waya a sama. Na samu dutse na zauna, na buɗe kwamfuta.

Shafin ya buɗe da furanni da tafi. An sabunta manhajar mako biyu da suka wuce, ni ban lura ba. Yanzu kowane kwafi yana ɗauke da sunan mai asalin wasa, kuma babu mai iya taɓa shi. Har godiya suka yi mini a ƙasa, wai nacina ne ya kawo wannan ci gaba. Na duba, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu sun kwafi wasan saniya. Na goge nawa, sauran suna nan daram, kowanne da Malam Siddiƙ, Zango, Sokode a goshinsa. Na rubuta musu ina roƙo. Amsa ta zo nan take, irin wadda inji ke bayarwa, cewa suna dubawa.

Belel ya karanta ta bayan kafaɗata, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai ka roƙi abin nan, aboki. Ni ɓarawo ne, na yarda. Amma sunana na sa, ban sa na tsohona ba."

Da ya gama dariyar ya ce gobe motar babansa za ta yi kudu, akwai wuri a gaba. Na ce an ce hanya ba kyau, an tare wajen Mango. An tare ɗin kuwa, na kwana biyu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni kwana goma sha tara na yi. Hafsa tana kira safe da yamma tana cewa masu tsare Baba suna tambayarsa kullum, har na daina ɗauka. Belel ya daina ci da ni a kwano ɗaya, sai ya turo mini nawa da ƙafa.

Sai da na ji an sako Baba na koma. Zaure ya cika da masu barka da arziki. Baba yana jingine da bango, ya rame, hannunsa na dama a naɗe cikin tsumma bisa cinya. Yatsu uku sun karye, sun kuma haɗe a karkace. Takardun da yake rubutu suna nan a kan buzu inda ya bar su, an ɗora musu dutse. Na tsuguna daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum.

Bukari mahauci, maƙwabcinmu, yana ta ba mutane labari, wai babu irin abin da ba a yi wa Malam ba don ya faɗi suna, ya ƙi. Baba ya ce a bar zuzuta abin, shekara ashirin da bakwai bai faɗi sunan nan ba, ba zai fara don su ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fara jin sanyi a raina.

Sai ya juyo ya tambaye ni tafiyar kwana nawa ce daga Dapaong zuwa Sokode.

"Yini ɗaya ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ɗago, muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Jibrilu, matsa daga ƙofa, kana tare wa mutane hanya."

Bukari ya sunkuyar da kai, Hafsa da ke bayan labule ta saki kofin da ke hannunta. Na tashi na matsa.

Bai zage ni ba, bai kore ni ba, har yau a gidan nake kwana. Sunan kawai yake kira, kullum, a gaban kowa, yadda yake kiran mai kawo mana ruwa.