Akwatin da ke Saman Kabad

Nafisa na tsaka da dama wa 'yarta Jamila koko wayarta ta yi ƙara a kan tabarma. Ta miƙa hannu ta jawo ta, tana zaton masu ta'aziyya ne, don har yanzu ba su ƙare ba. Sunan da ta gani a fuskar wayar ne ya sa ludayin ya suɓuce mata: Abban Jamila.

Saƙo ne. "Hajiyata, gobe ranar awo ce. Kar ki ce kin manta, kuma ki tafi da katinki."

Satin da ya wuce aka yi sadakar arba'in ta mijinta Dalhatu, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya. Wayarsa da aka tsinto a farfashe tana cikin durowa, ita da kanta ta naɗe ta a hankici. Babu kuma mai ce mata Hajiyata sai shi, don tsokana, tunda ba ta taɓa zuwa Makka ba. Gobe kuwa ranar awon ce da gaske.

Ta danna kira. Layin ya shiga, ya yi ta ringin har ya katse. Abin da ke cikinta ya motsa, ta dafe shi.

A haka Inna Uwani, mahaifiyar marigayin, ta fito daga ɗaki da carbi ta same ta. Tun rasuwar ta dawo gidan nan na Gyaɗi-Gyaɗi don taya ta zaman takaba.

"Ke, lafiya? Cikin ne?"

Nafisa ta karanta mata saƙon. Inna ta yi salati, ta zauna daɓas a bakin ƙofa.

"'Yan damfara ne," ta ce, amma muryarta ba ta yarda da maganarta ba. "Wanda aka kai makwanci ai ba ya aiko takarda."

"Inna, su waye za su san ranar awona?"

Nafisa ta kira Anas, abokin Dalhatu da suke shagon gyaran kwamfuta tare a Tarauni. Ya saurare ta har ta kai ƙarshe, sannan ya ce:

"Maman Jamila, kar a taɓa komai a falo. Ga ni nan."

Ba a jima ba adaidaita sahu ta ajiye shi a bakin layi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Inna, jakarsa a kafaɗa. Nafisa ta ja hijabi ta zauna daga can gefe. Idonsa ya zagaya falon, ya tsaya a saman kabad, inda wani ɗan baƙin akwati ke zaune, ƙaramar fitila koriya na ƙyaftawa a goshinsa. Ta sha goge masa ƙura, duk zatonta cikin kayan talabijin yake.

"Ga mai aiko saƙon," in ji Anas. "Kwamfuta ce."

"Wace irin kwamfuta ce babu fuska, babu abin dannawa?" Inna ta tambaya.

"Irinta ba ta buƙatarsu, Inna. A ba ta aiki kawai a ƙyale ta. In ana son magana da ita, ta wata kwamfutar ake shiga, ko daga shago ma. Batirin sola ne ke riƙe da ita, shi ya sa ba ta taɓa mutuwa ba." Ya nuna wani abu kamar ɗan yatsa a maƙale a bayanta. "Tsohon layinsa na cikin nan."

Sai a lokacin Nafisa ta tuna. Lambobinsa biyu ta adana da suna ɗaya tun suna sabon aure.

Anas ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya. Fuskar ta yi baƙi ƙirin, fararen rubutu na sauka. Ya ɗan yi danne-danne, sai ya tsaya cak, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Na san yana gwada abin. Wallahi ban san ya fara aiki ba."

"Me ka gani?" Nafisa ta ce.

"Ba ke kaɗai ba ce. Akwai ƙaramin asibitin haihuwa a Ƙauyen Alu da muka taɓa ja wa wayoyin kwamfuta. Masu cikinsu duk suna nan. Ungozomar na zuba sunaye daga can, akwatin nan na tuna wa kowace ranar awonta da ta rigakafin yara. Ko jiya an ƙara sunayen mata biyu. Ba na jin sun san daga falon nan yake fita." Ya dubi Nafisa. "Naki ne kawai daban. Da hannunsa ya rubuta su."

Inna ta miƙe tsaye, carbin na kaɗawa a hannunta.

"A zare shi. Yarinya na ɗauke da ciki, ga takaba, a bar wani ƙarfe yana yi mata magana da bakin mamaci? Ni kaina ƙirjina bai daina bugawa ba. Anas, tashi ka zare."

"In na zare, Inna, na matan can ma ya tsaya."

Inna ta riga shi isa kabad ɗin, har ta kai hannu kan wayar wutar. Ta tsaya a haka tana kallon fitilar. Tafinta ya sauka a kan akwatin, ta ji ɗuminsa. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Sannan ta juya ta shige ɗaki, suka ji ta turo ƙofa.

Anas ya yi ƙasa da murya. "Zan iya cire naki kawai, in bar nasu. Abu ne mai sauƙi."

"Saura nawa?" Nafisa ta tambaya.

"Kaɗan ne. Na awo, sai ɗaya da ya ajiye wa watan haihuwarki. Wannan ya fi sauran tsawo." Ya kawar da idonsa daga rubutun. "Ban karanta ba. In juyo miki ki gani?"

Nafisa ta dubi bayan kwamfutar da ke cinyarsa. Taku biyu ne tsakaninta da maganar Dalhatu da ba ta taɓa ji ba. Daga tsakar gida Jamila na ƙwala mata kira, wai kokonta ya huce.

"A'a, Malam Anas," ta ce. "Rufe. Ka bar shi ya zo a ranarsa."