Abin da Ya Ci Bodin Motar Ofis

Ƙofar da ta raba filin kiwon ƙanena da yankin da gwamnati ta rufe, ni na ƙera ta. Ni mai walda ne, kuma sakatar da na sa mata sai ka ɗaga ta sama, ka murɗa, sannan ka ja. Mutum ma in ba a nuna masa ba sai ya yi gumi. Shi ya sa da aka ce wai saniya ce ke buɗe ta, maganar ta tsaya mini a rai.

Filin duka na gwamnati ne. An yanka shi kashi-kashi da waya mai ƙaya, kowane mai shanu da nasa kashi da takardar izini. Kashin da ke bakin ruwa aka rufe, wai ciyawa ta huta. Dokar ofishin kiwo kuwa ba ta da tsawo: duk wanda aka kama shanunsa a ciki sau uku, an karɓe izininsa. Ƙanena, wanda muke kira Shiru don magana tsada take yi masa, an riga an kama nasa sau biyu.

Ya zo shagona ya zauna a kan tsohuwar taya, ya daɗe yana kallon tartsatsin wuta.

"Yaya, ƙofarka."

"Me ta yi?"

"Buɗewa take yi."

"Kai dai ka ce ka manta ka rufe."

Ya dube ni irin kallon da babanmu ke yi wa mai ƙarya. Shiru yakan manta hularsa, yakan manta sunan surukinsa, amma ba ya manta ƙofa. Ya ce kullum da sassafe yakan kai madara bakin hanya, kuma sau biyun nan duka kafin ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe, shanu a ciki, ma'aikata tsaye suna ɗaukar hoto. Saura sau ɗaya. In aka karɓe izinin, ba shi da inda zai kai garken sai kasuwa.

Ana cikin haka sai direban ofishin kiwo ya kawo mini motarsu, farar a-kori-kura da ba ta daɗe da fitowa daga kamfani ba. Ba-Birki ake ce masa, don bakinsa ba ya tsayawa. Ya sauke murfin baya ya nuna mini. Tsatsa ta cinye kwanon bodin, har akwai ramin da ɗan yatsa ke shiga.

"Wannan motar ta girmi shekarunta," na ce. "Me kuke ɗauka?"

"Manya muke ɗauka, Baba. Ka san nauyinsu."

"A baya kake zuba su?"

Ya yi dariya. Na durƙusa na kankare wani farin abu da ya daskare a lungun bodin, na ɗora a harshe. Gishiri.

"Kai, kifi kake safara a motar gwamnati? Ko fata?"

Dariyar ta ɗauke.

"Baba, ka liƙe rami ka shafa fenti. Ina da 'ya'ya."

Na liƙe, na shafa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na kwana ina juya abin. Kifi yana da wari, fata ta fi shi, motar kuwa ba ta warin komai. Uwargida ta ce in bar abin da ba ruwana, tsufa ya zo mini da bin diddigi. Na ce mata ƙarfe ne aka ci, ina ne ruwana in ba nan ba?

Washegari na hau babur na tafi duba ƙofata. Sakata lafiya lau, ko lanƙwasa babu. Na leƙa ta saman waya, sai na hango wani wuri a cikin yankin da aka rufe inda ciyawa ta ƙare ƙarƙaf, ƙasa ta lotsa kamar kwano, sumul.

"Me ya tona can?"

"Harshe," in ji Shiru. "Lasa suka yi ta yi har ƙasa ta tafi."

"Me saniya ke lasa haka?"

"Gishiri," in ji shi. Nan na gane. Na ba shi labarin bodin mota. Ina maganar, wata jar karsana tana ta shinshina mini aljihu.

Dalilin da zai sa ma'aikata su jawo shanun ciki ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya san mai babban gidan gonar da ke gabas ya daɗe yana son kasoshin da ke kusa da ruwa, kuma maƙwabtan Shiru biyu da aka karɓe wa izini, shanunsa ne yanzu ke kiwo a wurarensu. An kuma san da wa shugaban ofishin kiwo yake cin abincin rana.

Na ce mu kai ƙara ofishin sauraron koke a birni. Shiru ya ce ba a zama cikin ruwa a yi gaba da kada. Na ce ai kadan ya riga ya kama ƙafarka, saura ya ja. Da ƙyar ya hau bayan babur.

Ofishin ɗaki ne ɗaya a saman bene, da fanka mai ƙara da kujeru uku, ɗaya ba ta da baya. Matar da ke wurin ba ta kai 'yata ta fari shekaru ba. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ban saba gani a ofis ba.

"Baba, labarinka ya yi daɗi," ta ce. "Ina tsatsar?"

"Na liƙe ta."

"Ka kuma shafa fenti?"

"Shafi biyu."

"To, sannu da aiki. Shaidarka ka binne da hannunka."

Ta juya wajen Shiru. Ta ce ƙarar ba tawa ba ce, ta mai izini ce, da sunansa za a shigar. Ta kuma gaya masa gaskiya: in aka bincika ba a sami komai ba, shugaban ofishin kiwo zai san wanda ya kai shi, kuma kamu na uku ba zai yi wuya ba. Na ga hannun ƙanena yana murza hula. Na so in yi magana, ta ɗaga mini ɗan yatsa.

"Ko na yi shiru za su zo," in ji Shiru. "Rubuta."

Ranar da ta sa za ta zo duba wurin, muna tsaye a ƙofar shiga kashin Shiru tun hantsi. Ni ban da abin nunawa sai ramin lasa, wanda kowa zai iya cewa Shiru ne ya zuba gishirin da kansa. Sai ga farar a-kori-kura tana tahowa, fentina yana ƙyalli. Ashe motar ofishin koke ta lalace, shugaban ofishin kiwo kuma, don ya nuna ba ya tsoron komai, ya ce a zo a tasa. Yana gaba, ita tana baya, Ba-Birki na tuƙi.

Shiru ya tsaya kwance igiyar ƙofa, ƙullin ya ƙi. Shugaban ya leƙo.

"Kai, danna masa hon, ba kwana muka zo yi ba."

Ba-Birki ya dube ni ta gilashi. Sannan ya danna, gajere biyu, dogo ɗaya.

Can nesa kawunan shanu suka ɗago gaba ɗaya. Jar karsanar ce ta fara, sauran suka biyo, da gudu, har da tsohuwar saniyar da ke ɗingishi. Ƙofa na buɗewa suka wuce Shiru kamar ba su taɓa ganinsa ba, suka wuce ni, suka kewaye motar. Duk bayanta suka nufa. Suna ture juna, suna zura wuya cikin bodi, suna lasar fentin da na sha wahalar shafawa.

Matar ta sauke gilashi a hankali, ta daɗe tana kallo.

"Yallaɓai, shanun nan sun san ka?"

"Dabba ce, ranki ya daɗe. Kowace mota suka gani haka suke yi."

"Haka ne? Baba, ɗan matsa da babur ɗinka can ka danna."

Na matsa, na danna har yatsana ya gaji. Ko kunne ba wadda ta kaɗa.

Ta fito ta ɗaya ƙofar, ta ratsa tsakanin shanu tana riƙe da jakarta a sama, ta tsaya a tagar direba.

"Malam direba, wannan kiɗan da ka yi, wa ya koya maka?"

"Hannu ne ya saba, ranki ya daɗe."

"A ina ya saba?"

Ba-Birki ya kalli shugabansa, ya kalli shanun, ya ja numfashi. Daga nan birki ya tsinke. Ya faɗi shagon da ake sayo dunƙulen gishirin lasa, ya faɗi yadda suka yi makonni suna zuwa bakin waya bayan Shiru ya tafi da madara, suna danna hon suna jefawa, har shanun suka haddace. Ran kamu kuwa sai a buɗe ƙofa, a shiga da mota ciki, a danna. Ya ce sakatar ma sai da shugaban ya yi ta fama da ita kafin ya gane kanta. Wannan ɓangaren na sa ya maimaita.

An soke kamu biyun da ke kan Shiru, izininsa na nan. Maƙwabtansa ma an ce su dawo a sake duba nasu. Shugaban dai ba a kore shi ba, an mayar da shi wani ofis, na ji an ce na kula da gandun daji ne. Ba-Birki ya yi wata biyu a gida kafin a mayar masa da makulli, kuma har yau in ya zo shagona sai ya ce ni na jawo masa.

Shanun ne ba wanda ya aika wa sanarwa. Jiya Shiru ya zo ya zauna a kan tayar nan, ya daɗe yana kallon wuta.

"Yaya, shinge nake so ta bakin hanya. Mai tsawo."

"Me kuma ya faru?"

"Mai burodi ya sayi farar mota, ga shi da son danna hon."