Ɗakin da Auta Ya Yi Nisa

Tun da Auta ya samu aiki a ƙasar waje, Inna ba ta ce masa je ka ba, ba ta kuma ce zauna ba. Da ya ɗauko maganar sai ta hau taka keken ɗinkinta kamar da shi suke faɗa. Shi kuwa ya ce ba zai hau jirgi ba sai ta sa masa albarka, ga ranar tafiya tana ta matsowa.

Rannan ya lallaɓa ta suka je wurin aikinsa, ta ga abin da yake haɗawa. Ɗaki ne da bai fi shagonta girma ba, ba kujera, ba taga.

"Wannan ne ya hana ka cin abinci a gida?" in ji ta.

Ya yi dariya, ya sa mata wani tabarau mai kauri, ya maƙala mata 'yan na'urori a kunne. Sai ga ta a bakin teku, iska na kaɗa mata mayafi. Ta san fanka ce, don ta gan ta a bango, amma sai da ta tattare zanenta kada ruwa ya jiƙa shi.

"Inna, tsaya nan ki kalle ni."

Ya kama tafiya a kan yashi. Yana tafiya yana ƙanƙancewa, muryarsa na dushewa, har ya koma ɗan ɗigo. Ba ta san lokacin da ta kai hannu ba, sai ta ji ta cafko rigarsa, ga ɗumin bayansa a tafinta.

"Kai! Ba ga ka can ba?"

"Ina nan, Inna. Daɓen nan ƙananan tayoyi ne. Duk takun da na yi gaba, sai su dawo da ni a hankali. Tabarau ya rage girmana, na kunnen ya rage muryata. Ido da kunne kawai ake ruɗa."

Wannan kam ba sai an yi mata dogon bayani ba. Kamar keken ɗinkinta ne: allura tana nan inda take, yadi ne ke wucewa. Ta tsaya tana kallon ɗigon can nesa, rigar na hannunta. Sai yanzu ta gane duk kwanakin nan ba fushi take yi da yaron ba, tsoro take ji.

"Can inda za ka, ƙasar tasu ma tana dawo da mutum?"

"A'a, Inna."

Ta saki rigar, ta lalubo inda ta yamutse ta shafe masa. Sannan ta mai da hannayenta baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya gam.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Dawo ka sake tafiya in gani. Ka yi ta yi har sai na saba."