Fiffiken Hagu

Ba don son dabbobi na kama aiki a gidan namun daji ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Bayan da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, hukumar wurin ta raba ranakun shiga, ta ware wa mata da yara Alhamis, sai aka rasa macen da za ta riƙa zagayawa da su tana yi musu bayani. Ina zaune a ɗakina a Daura, takardar sakandarena na barci a ƙasan akwati, aka ce in zo, na zo. Wurin ma suna ne ya yi masa yawa. Ɗan fili ne a bayan gari kan hanyar Mashi, da birai, da barewa, da wata kura mai tari, da kunkurun da ya girmi kowa a cikin ma'aikata. Sai gauraki biyu, mace da namiji, da aka karɓo daga gidan wani attajiri bayan rasuwarsa.

Gaurakin nan su suka kama ni. A rugarmu da ke gefen tabki, can ƙasar Dutsi, na tashi ina jin labarinsu ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Mahaifina Badaru, da muke kira Baffa, makiyayi ne, har ciwon ido ya rufe masa gani ya zaunar da shi. In ya ɗauko zancen gauraki ba ya gajiya. Ya ce garke guda suke sauka bakin tabki da hantsi, su bi sawun shanu suna tsince farar da kofato ya tayar, kuma kukansu kan iso mutum daga sama tun kafin ya hango su. Sai masu tarko suka shigo suka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, domin kowane mai hali yana son a shiga gidansa a ga tsuntsu mai tukkun zinariya yana taƙama a tsakar gida. Duk gaurakan da ya shiga gida kuwa, abin da ake fara yi masa shi ne a datse masa gaɓar ƙarshe ta fiffike guda. Ba gashi ake yankewa ba, balle a ce zai sake tsirowa. Ƙashin ake cirewa. Daga ranar ya zama ɗan ƙasa har ya mutu.

Namu biyun ma haka suka zo mana, da dungu a hagu. Duk Alhamis sai na tsayar da mata a gabansu in yi ta magana har maƙogwarona ya bushe. In ce musu tsuntsun nan namu ne, na ƙasar nan, ba daga wata uwa duniya aka kawo shi ba, kuma yau ka yi yawo daga nan har kan iyaka ba ka ga guda a daji ba. Wasu su saurara, wasu su ci gaba da ɓare wa yara gyaɗa. Wata Hajiya ta taɓa katse ni tana fari da ido, wai su ma akwai huɗu a gidansu. Na ce mata Allah ya ba su haƙuri. Ta yi tsammanin da mutanen gidan nake.

Da damina ta yi nisa, macen ta yi ƙwai a cikin ciyawar kacallar da Baba Sada ya dasa musu a bakin kududdufi. Baba Sada shi ke ba dabbobin abinci. Tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga ya ce ya tuba, kuma gaskiya ɗaya ce, ba domin shi ba da ko ƙwai ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Shi ya tsare su daga ɓera da tunku, shi ya riƙa shiga ciyawa da gwiwoyinsa masu ciwo yana kamo musu fara. Uku suka fito, jajaye, ƙafa zalau-zalau. Ƙaraminsu na raɗa masa Auta, a tafin hannuna ya koyi cin gero.

Ni na kai wa shugaban wurin, Malam Zailani, shawarar kada a taɓa fikafikansu, a bari su yi ƙwari a kai su tabkinmu a sake su. Mutumin kirki ne, bai ja ba. Ya sa aka ɗaga musu raga mai tsawo don su koyi tashi. Ya taka da ƙafarsa ya sami dagaci da arɗo, aka yi sanarwa a masallacin Juma'a cewa duk wanda ya ɗana tarko a bakin tabkin nan ya kuka da kansa. Ni kuma na je har ruga na durƙusa gaban Baffa na ce masa kafin a gama shigar da amfanin gona zai sake jin kukan gauraki a samansa. Tun daga ranar, in ji ƙanena Ya'u, kullum da safe sai ya sa an ja shi zuwa gindin gawon da ke bakin ruwa, ya zauna yana fuskantar gabas. Wai yana so su saba da ganinsa in sun zo.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Duk lokacin da aka yi zancen sakin, Baba Sada sai ya girgiza kai ya ce, "Ni dai na san daji." Na ɗauka mitar tsufa ce.

Ana gobe za a kai su, Malam Zailani ya tafi Katsina neman motar da za ta ɗauki kejinsu. Na shigo da safe da ƙwaryar gero kamar yadda na saba. Tun daga ƙofa na ji shiru, alhali a 'yan kwanakin nan da sun hango ni suke tashi su zaga ragar suna marin iska. Na tarar da su a lungu, sun cure wuri guda. A gefen murhun da Baba Sada ke dafa wa birai wake akwai aska, da wani ƙarfe da bakinsa ya yi baƙi, da ƙaurin gashi bai gama washewa ba. Auta ya gan ni ya taho da gudu ya buɗe fikafikai zai tashi. Na dama ya ɗaga shi, na hagu bai amsa ba, ya juya ya kifa da ƙirji a cikin laka.

Ban san lokacin da ƙwaryar ta bar hannuna ba.

Baba Sada yana zaune a kan turmi yana jan carbi, bai ɓuya ba, bai ma kau da kai ba. Tarbiyyar gidanmu ba ta yarda in ɗaga wa sa'an ubana murya ba. A ranar na ajiye ta a gefe.

Na ce, "Baba, me ka yi?"

"Na tsirar da su, 'yata. Na yi musu lalas da ƙarfe mai zafi, jini bai zuba sosai ba. Kafin sati za su warware."

"Su warware su yi me? Su yi tafiya?"

"Su rayu." Ya ajiye carbin a cinyarsa. "Ranar kasuwa na ga mutum biyu daga tsallaken iyaka suna tambayar yaushe za a sake su. Na san su, da iyayensu na yi ƙuruciya. Sanarwar masallaci ba ta hana tarko kamu, Ma'u. Ki kai su gobe, jibi suna cikin buhu, kai a waje. Wanda ya kama su ma abin da na yi shi zai yi, sai dai shi da wuƙa mai tsatsa."

"Shi ya sa ka riga shi."

"Ni na raine su."

"Kai ka raine su, ba kai ka halicce su ba. Wa ka shawarta? Ka gaya wa Malam Zailani ka ga masu tarko? Ka gaya mini? Da ka faɗa, da an sa samarin ruga gadi, da an ɗaga ranar, da an nemi wani tabkin. Hanya goma a buɗe, ka zaɓi wadda ba a dawowa."

Ya ce, "Da na faɗa ba za ku ji ba. Ku 'yan boko in kun sa abu a gaba..."

Wannan kalma ita ta ƙarasa ni. Na ce masa kada ya kawo mini zancen boko, ni 'yar makiyayi ce, kuma ubana bai taɓa karya ƙafar maraƙi don tsoron ɓarawo ba. Na ce masa ya rataye bindiga amma bai rataye halin ba, har yanzu in ya ga tsuntsu a sama ji yake kamar an ɗauke masa kaya. Na ce abin da ya yi gyaran gangar Auzinawa ne, kuma duk Alhamis ɗin da na tsaya a nan ina wa mata wa'azi, ashe mai aska yana bayana yana jin tausayina. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su dace da bakina ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuka yake yi. Hawaye na bin furfurar gemunsa. Da mugu ne da na sami wurin da zan ajiye fushina in huta. Amma mutum ne da ya so tsuntsayen nan kamar ni, ya ɗauki son ya wasa shi ya yanke su da shi.

Muna cikin haka na ji tsayuwar babur a ƙofa. Ya'u ne, da Baffa a bayansa riƙe da sanda. Ya kawo shi asibiti karɓar maganin ɗigawa, shi kuwa ya kafe sai an biyo da shi ya gaisa da baƙinsa na gobe. Baffa ya sha farar rigarsa ta Juma'a.

Baba Sada ya miƙe da sauri ya share fuska da hannun riga. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Don girman Allah, Ma'u, ki rufa. Tsoho ne, ba gani yake ba. A ce an ɗaga tafiyar. Me za ki ƙaru da shi in kin karya masa zuciya?"

Na je na durƙusa na gai da Baffa, na kama hannunsa na jawo shi har bakin raga. Ya'u ya ga lakar da ke ƙirjin Auta, ya ga askar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Ganin baƙi ya sa iyayen gaurakin suka ɗaga wuya suka yi kuka, irin mai kaurin nan da ke fitowa kamar daga cikin tulu. 'Ya'yan suka firgita suka hau faffaka a ƙasa, iska tana kaɗa ragar. Baffa ya tsaya cik. Sandar ta zame daga hannunsa bai kula ba. Ya ɗaga fuskarsa sama, can sama, yana juya ta a hankali kamar mai bin wani abu da ke ratsa gari, bakinsa a buɗe, yana murmushi irin wanda rabon da in gani tun idonsa na gani.

Ya ce, "Su ne. Wallahi su ne. Sun tashi ke nan?"

Baba Sada ya riga ni. "Sun tashi, Malam Badaru. Ga su can suna zagaya saman raga."

"Masha Allah. Duka ukun?"

"Duka ukun."

A nan na gane abin da ake nema da ni. A yi wa Baffa yadda aka yi wa tsuntsayen, a datse masa gaskiya don kada ta cuce shi, a mai da shi gindin gawo ya ci gaba da jiran abin da ba zai zo ba, yau a ce mota, gobe a ce takarda, har ranar da za a ɗauke shi daga wurin a makara. Duk da sunan tausayi. Na ƙoshi da tausayin Baba Sada.

Na buɗe ƙofar ragar na shiga. Auta bai guje ni ba, don bai san ya kamata ya fara gudun mutane ba. Na rufe masa kai da gefen hijabina, na rungumo shi na fito. Na kama hannun Baffa na dama, na sauko da shi daga inda yake nuna sama, na ɗora shi a kan fiffiken hagu.

Yatsunsa suka bi gashin a hankali har suka iso inda ya ƙare. Suka tsaya. Suka koma baya suka sake biyowa, suka shafa ƙonannen dungun, suka zagaya shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana laluben jikin dabba ba ya bukatar a yi masa bayani. Na ga murmushin yana barin fuskarsa, na ga kansa yana saukowa har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji.

Sannan ya tambaya, "Sauran ma?"

Na ce, "Sauran ma, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Ya juya wajen da ya ji muryar Baba Sada ɗazu.

"Wanda ya yi aikin nan ya iya lalas," in ji shi. "Ba zai yi ruwa ba. Hannu ne da ya saba."

Baba Sada ya koma kan turmin ya zauna.

Baffa ya shafa kan Auta ta saman hijabin, ya sake shi. Ya miƙa hannu, Ya'u ya ɗauko sandar ya sa masa. Har sun kai wurin babur, ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya dakata.

"Ya'u," ya ce, "gobe da safe kada ka tashe ni. Tabarmar nan ta gindin gawo, ka naɗe ta ka shigo da ita gida."