Fitilar da Yaya Ya Kashe

Ranar Talata da hantsi ƙanwarmu Auta ta shigo gareji da motarta tana jan jiki. Tun daga bakin ƙofa na ji injin yana gurnani, motar kuwa da ƙyar take ɗagawa, ga wata fitila mai ruwan ɗorawa tana ci a gaban sitiyari. Auta ta fito ko ƙofa ba ta rufe ba, ta ce mana jiya motar ta maƙale a giya ta uku, ta ƙi hawa ta ƙi sauka, ita kuma tsoro ya kama ta, ta juyo da Inna gida ba su je wankin ƙoda ba.

Inna mahaifiyarmu ce. Shekara biyu ke nan ana yi mata wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, a wani asibiti mai tafiyar awa uku daga garinmu. Auta ke kai ta, don motarta ce mai sanyi, kuma kujerar gaba tana kwanciya. Da aka tsallake na Litinin, ƙafafun Inna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ta kwanta numfashinta ya riƙa yin sama-sama. Likita ya tausaya, ya sama mata gado ranar Laraba ƙarfe goma, ya ja wa Auta kunne ta waya cewa kada a kuskura a makara, domin akwai masu jira.

Garejin na Yaya ne, babban wanmu. Mutane na ce masa Mai Kunne, saboda a zamanin tsofaffin motoci sifana yake ɗorawa a jikin giyabos, ya kanga kunne a ɗaya gefen, ya faɗa maka haƙorin da ya cinye. Ba labari aka ba ni ba, na sha gani da idona. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya tura ni na koyo aikin lantarkin mota, da na dawo da na'urar gano matsalar mota a jaka kuma shi ya laƙaba mini suna Injiniya, yana faɗa yana wani murmushi da ba na yabo ba. Duk ranar da na jona na'urar a mota sai ya ce wa mai motar ya yi haƙuri, Injiniya zai tambayi talabijin ɗinsa. Mai faci da mai fenti da ke maƙwabtaka da mu su yi ta dariya, ni ma in taya su, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Na jona na'urar a motar Auta. A irin wannan giyabos ba hannu ke sa giya ba, mai ne. Akwai famfo a ciki da ke tura man da ƙarfi, akwai wasu ƙananan ƙofofi na lantarki da ke buɗe masa hanya su rufe, shi kuma ya je ya matse faifan kulocin giyar da ake so. Mai ba da umurni wata 'yar kwamfuta ce da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Tana lura da gudun inji, da gudun taya, da zafin mai. In faifai suka fara cinyewa sai ta riƙa ƙara musu matsi kaɗan-kaɗan, tana riƙe da abin da ta ƙara. Ranar da abin ya fi ƙarfinta sai ta kunna fitila, ta kulle motar a giya ɗaya da cikakken matsi, don motar ta lallaɓa ta kai mai ita inda za shi ba tare da ta ƙone kanta ba. Ɗingishin da ya tsorata Auta ke nan, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Abin da na gani a allon ba shi da daɗi. Faifan giya ta huɗu suna zamewa, ƙarin matsin da ƙwaƙwalwa ke yi ya kai iyakarsa, man yana zafi fiye da kima. Aiki ne na sauke giyabos, kwana uku in an yi sauri.

Kafin in ɗago kai Yaya ya riga ya shiga rami a ƙarƙashin motar, ya kwance notin mai. Man da ya kamata ya fito ja sai ya fito baƙi, yana warin ƙuna. Da ya sauke farantin ƙasan giyabos ɗin, inda mai ke taruwa, maganaɗisun da ke ciki ya cika da wani baƙin dagwalo, garin faifai ne da suka niƙe. Yaya ya shafa da yatsa ya sunsuna, ya ɗaga murya ya ce wa Auta ta kwantar da hankalinta, mai ne kawai ya mutu, yanzu zai canja shi da filta ta ga aiki.

Na sauka ramin na tsuguna kusa da shi, na faɗa masa a hankali abin da na gani. Na ce ko dai a bar motar da ɗingishinta su tafi a hankali da sassafe, ko a nemo motar haya a kai Inna, mu kuma mu sauke giyabos ɗin a tsanake. A hankali na yi magana, shi kuwa da ƙarfi ya amsa, yadda duk layin zai ji.

"Ina raye, da hannuna biyu, a ɗauki uwata a motar haya? Tun kana tsumma nake kwance giyabos, Injiniya. Miƙo mini mazurari."

Mai faci ya leƙo ramin yana washe baki. Na miƙa masa mazurarin.

Daga nan na tsaya ina kallon kuskure biyu, ɗaya bayan ɗaya, hannuna a aljihu. Motar Auta ba ta da gejin da ake zarowa a duba mai. Ana cika ta ne injin yana aiki, man ya yi ɗumi zuwa awon da na'ura za ta nuna, a yi ta zubawa ta wani rami a gefe har ya fara ɗigowa. Yaya ya zuba injin a kashe, man da sanyinsa, da ya ga ya ɗigo sai ya ɗaure noti, ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni kuwa na san da zarar an ta da injin, famfo zai zuƙe man ya cika hanyoyin da suka zube, abin da zai rage a faranti ba zai isa ba. Na buɗe baki, na ga mai fenti ya zo ya tsaya a bayan Auta yana kallo, na rufe.

Na biyu shi ne dabarar da Yaya ya fi alfahari da ita. Ya fito daga rami, ya buɗe bonet, ya cire kan batir, ya zauna ya sha ruwa ya goge hannu, sannan ya mayar. A irin wannan motar, in ka yi haka ƙwaƙwalwa takan manta komai, har da laifin da ta gani, har da ƙarin matsin da ta koya wa kanta a shekaru. Takan farka tana zaton faifan sababbi ne. Aka murza makulli, fitila ta mutu. Yaya ya zaga layi da motar ya dawo, tana shiga giya sumul, don man bai yi zafi ba kuma layinmu ba tudu. Mai faci ya ce Mai Kunne ba a banza ba.

Auta ba ta cika yarda da tafi ba, malamar makaranta ce. Ta bar su suna hira, ta zagayo inda nake naɗe wayar na'ura, ta tsaya a gabana.

"Yaya Ƙarami, kai me na'urarka ta ce? Za ta kai mu?"

Yaya yana nesa da mu taku biyar, bayansa yake ba mu, amma na ga ya daina goge sifanar da ke hannunsa.

Na ce, "Ai kin ji Yaya."

Ta dube ni kaɗan, ta ce to, Allah ya sa, ta shiga motar ta tafi.

Na yi wa kaina alkawari zan je gida da sassafe da galan ɗin mai da na'ura, in cika shi yadda ya kamata ba tare da kowa ya sani ba, in kuma gaya mata ta riƙe motar a giya ta uku da hannunta. Na isa ƙarfe shida da rabi na tarar sun tashi tun shida, Yaya ya ce su yi sammako. Na kira ta. Ta ce motar tamkar sabuwa, Inna ma ta samu barci. A nan ya kamata in ce ta tsaya a inda take in zo. Sai na ji nauyin a ce jiya na yi shiru yau na tsorata mutane, na ce mata kawai kada ta yi gudu, Allah ya kiyaye hanya. Na tsani wannan wayar fiye da komai a rayuwata.

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna ta kira. Akwai wani dogon tudu a hanyar, babu gari gabansa babu bayansa. A tsakiyarsa injin ya yi ƙara kamar zai fashe, motar kuwa ta daina ja, ta yi ta rage gudu har ta tsaya, wari ya cika ciki. Fitilar ta dawo. Ta sa gaba, ta sa ribas, babu abin da ya motsa. Man ya yi zafi, ya koma baya saboda tudu, famfo ya zuƙi iska, faifan da suka rage suka ƙone a cikin minti biyu.

Muka ɗauki tsohuwar motar ja ta gareji, ni da Yaya. Kafin mu isa, wani direban babbar mota ya tausaya ya ɗauke su, bayan Auta ta yi fiye da awa biyu tana ɗaga hannu a rana, Inna tana haki a kujera. Sun isa asibiti sha biyu ta wuce, wani ya hau gadon. Aka ce su jira na yamma. Zuciyar Inna ta tsaya ƙarfe uku da rabi, a kan bencin jira, kanta a kan cinyar Auta.

Motar ta yi kwana tara a lungun gareji an rufe ta da tamfol. Mutane suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, mu ma muna cewa haka, kuma gaskiya ne, amma ni bai sa na iya cin abinci ba. Yaya ya daina ba'a, ya daina kirana Injiniya, in mota ta zo sai ya ce a kai ta wani wuri.

A rana ta goma da safe, kafin maƙwabta su buɗe, na tarar ya yaye tamfol, ya ɗauko jakar na'urata da kansa ya ajiye a kan bonet. A shekara shida da na yi tare da shi bai taɓa taɓa ta ba. Ya ce in jona. Na jona, na murza makulli, fitilar ta kama. Ya sunkuyo yana kallon allon, alhali na san ba ya gane ko layi ɗaya, ya ce in karanta masa. Na karanta masa zafin da man ya kai, da zamewar faifai, da faɗuwar matsi. Ya tambaye ni ko abin da ta faɗa ranar Talata ke nan. Na ce shi ne, sai dai ranar Talata faifan suna da sauran rai.

Sai ya ce, "Da na bar ta da fitilarta, da ta kai?"

"Da ta kai. A hankali, amma da ta kai."

"Da man fa? Ka ga yadda na zuba shi?"

Na ce na gani.

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ni ban sani ba na yi. Girman kaina ne, zan je da shi gaban Allah. Amma kai ka sani, kuma kai ma uwarka ce."

Ban ji shigowar Auta ba. Ta zo ɗaukar matashin Inna da takalmanta da suka rage a motar, ta tsaya a bayan ginshiƙi, ban san tun yaushe ba. Ta wuce Yaya ba ta dube shi ba, ta buɗe ƙofar gaba, kujerar tana nan a kwance yadda aka bar ta. Ta ɗauki matashin ta rungume, ta sunkuya ta lalubo takalman a ƙarƙashi. Sannan ta miƙe ta dube ni ta saman motar.

"Shi na san halinsa, shi ya sa ban tambaye shi ba," in ji ta. "Kai na tambaya."

Ta rufe ƙofar a hankali, ta fita da matashin a ƙirjinta. Daga ranar ba ta sake ce mini Yaya ba.