Kafaɗa Sha Shida

Duk wanda ya san Tela ya san ba shi da ƙorafi a duniya sai na akwatunan matarsa. Sista, kamar yadda kowa ke kiranta saboda aikin jinya da take yi, mace ce mai hankali a komai, amma idan tafiya ta kama, hankalin nan ne kaɗai abin da take bari a gida. Kwana biyu za a yi, takalma ƙafa biyar. Ga dutsen guga, ga bargo ko da gari ya ɗauki zafi, ga maganin ciwon da ba wanda ya taɓa yinsa a danginsu. Shekara goma sha bakwai Tela na ciccibar kayan nan zuwa tasha, yana nishi yana mita.

"Sista, ƙaura za ki yi ne?"

"In na nema na rasa, kai za ka kawo mini, Baban yara?" Kullum amsarta ke nan.

Wannan karon mitar ta canza salo. Asibiti ne ya tura ta kwas na kwana uku a wani gari, ita da likitan ƙashi, wani siririn mutum mai yawan turare da yawan fara'a. Sunansa kuwa ya fara yawa a bakin Sista: likita ya ce kaza, likita ya yi kaza. An ce kishi kumallon mata, to wanda ya faɗa bai ga Tela ba a makon nan. Abinci ma tura shi kawai yake yi. Tsoro yake ji, tsoron kada a ce matar nan ta gaji da mutumin da ya ajiye tumbi yana warin man keken ɗinki.

Ranar tafiya Sista ta fita da safe ta miƙa aiki, ta bar masa sallahun ya rufe babban akwatin, don zif ɗin ya ƙi ja. Ya danna, ya zauna a kai, akwati ya ce bai san zancen ba. Sai ya shiga fitar da kaya don ya sake jerawa, yana dubawa yana tsaki. Kaya kala tara na kwana uku, wa za a yi wa kwalliyar? A can ƙasa, ƙarƙashin bargon, ya tarar da wani abu naɗe a tawul. Rigar namiji ce, shuɗiya, mai gajeren hannu, ta sha wanki har ta koɗe.

Hannunsa ya kai ga tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa tun kafin ya yi tunani. Kafaɗa sha shida, ƙirji talatin da shida. Shi kuwa kafaɗarsa sha tara ce, ƙirjin ba a magana. Ya juya wuyan rigar, sai ga ɗinki uku na jan zare, alamar da yake sa wa duk abin da ya fito daga hannunsa. Wato shi da kansa ya ɗinka wa ƙaton da ke cin amanarsa.

Ya fita zuwa shagonsa da ke jikin gidan, ya jawo littafin awo. Shekara biyu da suka wuce Sista ta kawo masa likitan nan ya yi ɗinki, har yana murna ta samo masa kwastoma. Ya buɗe shafin, ya bi da yatsa: kafaɗa sha shida. Bai tsaya duba sauran ba, idonsa ya riga ya rufe. Ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya ɗauki babban almakashi ya yi mata gunduwa-gunduwa. Ya kwashi guntayen da littafin ya koma ɗaki, ya zube su a kan akwatin, ya zauna bakin gado yana huci.

Da rana Sista ta shigo da sauri tana tambayar ko akwatin ya rufu. Sai ta ga guntayen. Ta durƙusa ta ɗauki guda, ta juya shi, ta sake ɗaukar wani.

"Me ta yi maka?" ta ce a hankali.

"Ke zan tambaya. Ɗinkina ne, na gane. Faɗa mini mai ita."

Ta kalle shi. Sannan ta zaɓo guntun gefen rigar ta miƙa masa, ta nuna wani tabo da wanki ya kusa cinyewa.

"Ranar da aka kawo ka asibiti da allurar keke a yatsa, da me ka naɗe hannun? Wa ya cire maka ita kana ihu kamar ƙaramin yaro?"

Tela ya kalli tabon, ya kalli babban yatsansa. Ya manta sarai cewa shi ma ya taɓa zama siriri.

"Da ta yi maka kaɗan ka jefa ta cikin ƙyallayen shara, ni na tsince ta," in ji Sista. "Ba na iya barci a baƙon wuri sai tana kusa da ni. Na san in ka gani sai ka shekara kana tsokanata, shi ya sa nake binne ta a ƙasa. Sauran kayan kam halina ne, ba zan yi maka ƙarya ba."

Ta soma murmushi, sai idonta ya faɗa kan littafin awon, a buɗe a shafin likita. Murmushin ya ɗauke. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta miƙe ta ɗauko 'yar jakar da take zuwa aiki da ita, ta sa kaya kala biyu, da buroshi, da takardun kwas. Ta ja zif, ya rufu ba gardama.

Ya yunƙura zai karɓa, kamar yadda ya saba shekara goma sha bakwai.

"Bar shi, Tela," ta ce. "Ba nauyi."

Rabon da ta kira shi da sunan sana'a tun kafin su yi aure. Ya tsaya a ƙofa yana kallonta har ta sha kwana, jakar na lilo a hannunta ɗaya.

Ya koma shago ya jera guntayen a kan tebur, guda goma sha ɗaya. Ya nemo shuɗin zare mafi kusa da kalar, ya zura a allura. Yana da kwana uku, kuma shi ya fi kowa sanin cewa ko yaya ya yi, sai ɗinkin ya nuna.